Katakon da Ke Bayan Jirgi

"Injin ne ya fara tafiya, ko jirgin?"

"Injin, Yallaɓai. Da idona na gani. Ya ɓalle daga bayan jirgin kamar an fizge haƙori, ya yi sama, ya faɗa ruwa. Sai jirgin ya yi wata irin juyawa, ya kife."

Sufeto ya ajiye biro ya dubi masuncin da ke tsaye a gaban kantar ofishin 'yan sanda. A jiƙe yake har ƙirji, ruwa na ɗiga daga wandonsa yana taruwa a kan siminti. Ƙarfe goma na safe bai cika ba.

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Shi kaɗai ne. Injiniya. Yau ne ranar gwaji, wata bakwai ana gyaran jirgin nan. Mun ciro shi, Yallaɓai, amma..." Sai ya sunkuyar da kai.

"Saje, ɗauko mota."

A bakin tafki sun tarar an rufe gawar da tamfol. Takalman kawai ake gani, sababbi fil, igiyar ɗaya ta kwance. Sufeto ya ɗaga tamfol ɗin, ya ga rauni a gefen kai, ya mayar a hankali. Mutumin bai kai arba'in ba.

Masunta sun riga sun jawo jirgin gaɓa. Tsohon jirgin faiba ne, irin na roba mai tauri, mai gudu, an yi masa fenti fari da shuɗi, yana ta sheƙi a rana kamar bai san abin da ya aikata ba. Kujeru sababbi, sitiyari sabo, ga allo mai nuna zurfin ruwa a gaban matuƙi. Komai sabo. Amma bayansa, wurin da ake ɗaure inji, ya wage kamar bakin mai kuka.

Sufeto ya sa yatsa cikin katakon da ya bayyana a tsakiyar karayar. Yatsan ya shige. Katakon baƙi ne, yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen burodi.

Saje ya naɗe hannun riga, ya zura hannuwansa har gwiwa yana ɓanɓaro gutsattsarin faiba yana jefawa a leda. "Oga, wannan ai ko keke ka ɗaura masa sai ya karye, balle inji."

"Wa ya yi gyaran?"

Sai taron ya dare gida biyu. Wani tsoho ne ke tahowa, an rufe masa ido ɗaya da auduga da filasta, kan wata ƙaramar guduma na leƙowa daga aljihun rigarsa. Baba Guduma ake ce masa, masuncin ya raɗa wa Sufeto, domin ba ya barin jirgi ya bar rumfarsa sai ya ƙwanƙwasa shi daga kai har gindi yana sauraro.

Tsohon bai gai da kowa ba. Ya durƙusa a bayan jirgin, ya gutsuri katakon, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe. Ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa wa Sufeto.

"Ni ne. Ku tafi da ni."

Shekara ashirin Sufeto yana wannan aiki. Ya ga masu gudu, ya ga masu suma, ya ga masu rantsuwa da abin da ba su taɓa gani ba. Bai taɓa ganin wanda ya miƙa hannu tun ba a tambayi sunansa ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

A ofis, tsohon ya zauna a kan benci yana magana kamar mai karanta takardar wani.

"Faiba ba ta ruɓewa, ranka ya daɗe. Amma jirgi yana da ƙashi na katako a bayansa, an lulluɓe shi ciki da waje da ƙyallen gilashi da gam. Shi ke ɗauke da inji. In ruwa ya sami hanya, sai ya ci katakon daga ciki, waje kuma yana nan lafiya lau. Aikin mai gyara ya yanke, ya fitar da tsoho, ya sa sabo."

"Kai kuma ba ka sa ba."

"Ban sa ba."

"Me ya sa?"

"Tsufa. Na ga aikin da yawa, na rufe shi haka."

"Ka san girman injin da za a ɗaura?"

Nan ne kawai muryarsa ta tashi. "Na sani, har faɗa muka yi! Jirgin da ya girma da inji mai ƙarfin doki arba'in, ka kawo masa mai ɗari da goma sha biyar? Na ce ya yi yawa, ya ce ni mutumin da ne." Sai ya tuna kansa.

"Baba, ka san abin da kake ɗora wa kanka? Rai ne ya salwanta. A shekarunka, in ka shiga gidan yari, da wuya ka fito da ƙafarka."

"Na sani."

Saje na gefe yana ta sosa hannu. Tsohon ya juyo da idonsa mai gani. "Ɗana, ƙurar gilashi ce ta shige ka. Kada ka kuskura ka taɓa ruwan zafi. Zafi buɗe fata yake, ta ƙara shigewa. Ruwan sanyi, kuma ban da gurzawa."

"Ka ji, Oga? Wanda ake tuhuma ne ke koya mini wanka."

Bayan azahar suka je rumfar gyaran. Doguwa ce mai rufin kwano, warin gam ya cika ta har yana yaji a ido. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau, babu alamar an taɓa shi da ƙarfi. Almakashi, buroshi, abin murza gam, kowanne na rataye a ƙusarsa, an zana siffarsa da alli a bango don kada ya ɓata wuri.

Wani ƙaramin jirgi na kife a kan tayoyi, an gama masa aiki. Sufeto ya shafa cikinsa, santsi kamar faranti. Ya fito da gutsuren da suka ɗebo daga jirgin Injiniya ya ɗaga shi a haske. Cike yake da kumfar iska, ƙyallen ya tattare a wasu wurare, gam ɗin ciki kuma har yanzu yana manne wa yatsa.

"Hannu ɗaya bai yi waɗannan biyun ba," in ji shi.

"Oga, zo ka gani!"

A bayan gangunan gam, ƙarƙashin wani tsohon buhu, Saje ya jawo katako. Sabo ne, mai kauri, an yanke shi daidai siffar bayan jirgi, an goge gefensa, ga alamun awo da fensir. A kan teburin aiki kuma, ƙarƙashin gwangwanin ƙusoshi, akwai katin asibitin ido. An kwantar da tsohon kwana biyar, an sallame shi mako ɗaya da ya wuce.

Sufeto ya koma ofis ya tsaya a bakin sel ɗin da aka tsare tsohon.

"Malalaci ba ya yanka sabon katako ya goge shi sannan ya ɓoye, Baba. Wa ya rufe jirgin nan kana asibiti?"

"Kafin in tafi na rufe."

"Mukullin rumfa nawa ne?"

"Biyu."

"Ina ɗayan?"

"Ya ɓace tun bara."

Ya faɗa da sauri, yana kallon bango.

Washegari Saje ya shigo ofis hannuwansa sun yi jawur, ƙuraje ƙanana sun feso daga wuyan hannu har gwiwa, ga sawun farce.

"Ba an hana ka ruwan zafi ba?"

"Oga, na faɗa wa uwargida. Ta ce shekara goma sha biyu tana dafa mini ruwa, ba wani tsoho daga sel da zai sauya mata tsari. Ni kuwa tsakanin ƙaiƙayi da ita, na zaɓi ƙaiƙayi."

Sufeto bai yi dariya ba. "Saki hannun rigarka. Gidan rasuwa za mu."

Falon ya cika da mata, an jingine kujeru a bango. Aka shigar da su wani ƙaramin ɗaki inda uwar marigayin ke zaune, matar ɗanta ta kwantar da kai a cinyarta. Matar ta tashi zaune da ganinsu. Doguwa ce siririya, idanunta sun ƙafe, irin ƙafewar da ke zuwa bayan hawaye sun ƙare. Duk zafin da ake yi, rigarta mai dogon hannu ce.

"Kun kama shi?" in ji uwar. "Tsohon banza! Ɗana ɗaya tilo. Ya ci abinci a gidan nan, yarinyar nan tana ce masa Kawu. Kada ku sake shi, Sufeto, ko bayan raina."

"Ana bincike, Mama. Malama, Allah ya ba da haƙuri. Jirgin na mijinki ne?"

"Na babanta ne," uwar ta riga ta amsawa. "Shi da tsohon nan tare suka buɗe rumfar. Tana shekara goma sha biyu ya rasu, jirgin ya yi ta zama a rana. Ɗana ne ya ce zai tayar mata da shi, kyautar cikarsu shekara goma da aure. Ka ga irin son da yake mata? Ni wannan ba suruka ba ce, 'ya ce. Ita kaɗai ta rage mini."

"Yaushe rabonki da rumfar, Malama?"

"Ya fi wata."

"Kina da mukulli?"

"A'a."

Tana magana tana murza hannu ta saman riga. Uwar ta kama hannun ta ture rigar sama. "Bari sosawa, 'yar nan! Dubi yadda ta yi wa kanta. Kwana goma ke nan. Kullum da kaina nake dafa mata ruwa mai zafi ta gasa, abin sai gaba yake."

"Sabon sabulu ne," in ji matar, ta ja rigar ta rufe.

Sufeto ya gani. Saje ma ya gani, har hannunsa ya tsaya cak a kan nasa hannun.

A mota, da suka kusa ofis, Saje ya juyo.

"Oga, ita ce ta kashe shi?"

"Ka ga fuskarta?"

"Na gani."

"To ni ban ga fuskar wadda ta so ya mutu ba. Shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya."

A rana ta uku masunta suka ciro injin da igiyoyi da ganguna. Ya fito da laka, har yanzu yana riƙe da babban ɓangaren katakon da ya ɓalle da shi. Sufeto ya sa aka kwance, aka ɓare faibar da ke kai, wadda ta saki ba gardama. Ya ɗebo ruwa da tafinsa ya wanke fuskar katakon.

Sai ya tsaya, ruwan na zuba ta tsakanin yatsunsa.

Sawun tafin hannu biyu ne a jiki, na shuɗin fenti da ya koɗe. Ɗaya babba, mai faɗin yatsu. Ɗaya ƙarami a gefensa, na yarinyar da ba ta wuce bakwai ba.

Da yamma, rana na shigowa rumfar ta ramukan kwano, ya sa aka kawo Baba Guduma. Ya kuma aika mota da Kofur, 'yar sanda mace, a ɗauko matar marigayi, wai za ta sa hannu a takardar karɓar jirgi. Da ta shigo ta ga tsohon da ankwa, sai ta kama ƙofa.

"Kawu..."

"Koma gida, Tarwaɗa," in ji shi, da sunan da marigayi ubanta ya saba kiranta da shi. "Ba ki da aiki a nan."

"Zauna, Malama," in ji Sufeto. "Gobe da safe zan kai Baba kotu. Ya amsa laifi da bakinsa, alƙali ba zai sha wahala ba. Likita ya ce idon nan yana son kulawa, a can kuwa babu mai ɗiga masa magani. Kafin in rufe fayil, akwai abu ɗaya da nake so wani ya bayyana mini."

Ya yaye buhun da ke kan tebur.

Ta daɗe tana kallon katakon. Ta matso kamar mai tafiya cikin barci, ta ɗora tafinta a kan ƙaramin sawun. Hannunta ya rufe shi gaba ɗaya.

"Ni na rufe shi!" tsohon ya yi tsawa. "Na faɗa muku! Ku rubuta, ku bar yarinya ta yi makokinta!"

"Ya isa, Kawu." Muryarta ƙasa ƙasa take, amma ba ta rawa. "Ko gam ban iya haɗawa ba, sun gani."

Ta juyo ga Sufeto.

"Ina shekara bakwai Babana ya sa katakon nan. Kafin ya rufe, ya tsoma hannuna a fenti, ya tsoma nasa, muka danna a jikin katakon. Ya ce mini, muddin hannayenmu na cikin jirgin nan, ruwa ba zai ci wanda ke ciki ba. Kuma bai taɓa ci ba, Sufeto. Shekara biyar muna shiga, har da iska, har da hadari."

"Sai aka zo gyara," in ji Sufeto.

"Sai aka zo gyara. Mijina ya cire kujerun, ya cire sitiyarin da hannun Babana ya cinye, ya cire komai. Don ni yake yi, yana murna kamar yaro, kullum ya dawo da hotuna a waya. Ban iya ce masa komai ba. Ranar da Kawu ya yanke baya, hannayen suka fito, na yi kuka a nan wurin. Na ce a mayar. Kawu ya ce ya ruɓe. Mijina ya sumbaci goshina, ya ce zai sa a yi masa gilashi a rataye a falo."

"Me ya hana ki yarda? Da yana falo yanzu."

"Bai iya ruwa ba." Nan muryarta ta karye. "Mijina bai iya iyo ba, kuma kunyar sa rigar ceto yake, wai mijin 'yar matuƙi ne. Kullum in na rufe ido sai in gan shi a tsakiyar tafki, cikin jirgin da ba sauran abin da ya san mu a jikinsa. Tsoro ya hana ni sakat. Da aka kwantar da Kawu, na ɗauki mukullin Babana. Kwana uku ina zuwa bayan ya fita aiki. Na shanya katakon a rana har ya bushe, na ƙwanƙwasa, na ji kamar da ƙarfi. Wurin ba ya ɗaukar biyu, sai na ɓoye sabon. Na yi yadda na tuna Babana yana yi, na shafa fenti a kai. Don in tsare shi na yi. Wallahi don in tsare shi."

Saje ya juya baya yana kallon bango.

"Kai fa, Baba?" in ji Sufeto. "Ka dawo ka tarar an rufe."

Tsohon ya zauna a kan taya, hawaye na fita ta ƙarƙashin audugar. "Na zaci Injiniya ne ya kawo wani mai gyara saboda faɗan da muka yi. Shi kuma ya zaci ni na gama. Muka gaisa sama sama, kowa na cika yana batsewa. Ya jawo jirgin ya tafi, shi ya huda ya ɗaura injinsa. Da ni na huda, da na ga baƙin garin ruɓaɓɓen katako na fita. Gudumar nan tana aljihuna, ranka ya daɗe. Bugu uku ya isa in ji. Shekara arba'in ban taɓa barin jirgi ya fita ban buga ba, sai wannan, saboda zuciya. To ka ce ba ni da laifi?"

"Wannan tsakaninka da ranka ne, Baba. Doka hannun da ya rufe take nema."

"Ubanta ya bar mini ita amana!"

"Ka riƙe, Kawu," in ji ta. "Har ka wuce inda aka ce ka riƙe. Kwana uku ina kwance a cinyar Mama tana tsine maka, ina ji, na yi shiru. Wannan shirun ya fi katakon nan ruɓewa."

Sufeto ya karɓi mukulli daga hannun Saje, ya buɗe ankwar da kansa. Bai mayar da ita hannun kowa ba, ya sa a aljihu. Ya kama ɓarayi, ya kama masu kisa da wuƙa, zuciyarsa ba ta taɓa yin nauyin da ta yi a wannan yammacin ba.

"Malama, zan tsare ki bisa zargin ganganci da ya jawo mutuwar mijinki, da ɓoye gaskiya ga hukuma. Duk abin da kika faɗa zan rubuta shi yadda kika faɗa, har da dalilin. Sauran na alƙali ne."

Kofur ta riƙe ta a hankali ta gwiwar hannu, suka fito. Tsohon ya biyo su har ƙofa yana dafa bango.

A bakin mota Sufeto ya rage murya. "Za mu bi ta bayan gari, ba sai kowa ya gan ki ba. Surukarki kuma ni zan je gobe in yi mata bayani, zan san yadda zan sassauta."

Ta tsaya, hannunta a kan murfin mota. Ta share fuska da bakin mayafi.

"A'a, Sufeto. Ku biya da ni gida tukuna. Ita ta haife shi, ita ta yi kwana goma tana dafa mini ruwa. Ba za ta ji a bakin kowa ba sai nawa, kuma a gaban matan da suka ji tana tsine wa Kawu zan faɗa. In na gama, ku kai ni duk inda za ku kai ni."